Rakiya Har Tsohuwar Ƙofa

Idan Baba Longji ya kawo maka ziyara, zuwan ba wani aiki ba ne, komawar ce aiki. Zai sha shayinsa, ya tambayi lafiyar kowa har da ta motarka, sannan ya miƙe ya ce zai wuce. Kai mai gida sai ka taka masa zuwa inda ya ajiye mota. Kuna isa sai ya waiwaya ya dubi nisan da ka yi da ƙofarka, ya girgiza kai, ya ce ai ba zai bari ka koma kai kaɗai ba. Ya mayar da kai. Kai kuma kunya ba za ta bar ka ka shige ɗaki, dattijo yana tafiya shi kaɗai ba, sai ka sake biyo shi. A gidajen hayar da nake zaune a titin Gate City Boulevard, wata tsohuwa maƙwabciyata ta taɓa buɗe taga ta tambaye mu ko wani abu muka yar muke nema.

A shekarun baya akwai mai raba mu. 'Yarsa Rachael, wadda shi yake kira Rahila, tana ƙarama a lokacin, takan zauna a cikin mota ta kumbura fuska. In ta ga mun juya karo na biyu sai ta miƙa hannu ta danna hon, ta riƙe shi har sai mun yi sallama.

Mutumin Pankshin ne, daga Filato. Ya ƙetaro teku zuwa ƙasar nan wajen ƙarshen shekarun tamanin da niyyar karatun injiniya, ya koma gida ya gina madatsun ruwa. Karatun ya ɗan yi tsawo, aure ya shigo, sai ya karɓi aikin wucin gadi a sashen gyare-gyare na wata ƙaramar kwalejin baƙaƙen fata da ke kan wani tudu a bayan layin dogo. Mu Hausawan gari Kwalejin Tudu muke ce mata. Aikin wucin gadin nan shi ne yake yi har yau. In an tsokane shi da zancen madatsun ruwa sai ya ce ai bai saɓa alkawari ba, ruwan da ya tare a ɗakunan kwalejin nan ya isa a yi noman rani.

Kuma da gaskiyarsa. Kwalejin da ya tarar gine-gine ne 'yan kaɗan na jan tubali, rufinsu duk ya gaji. Da hadari ya haɗu sai ka gan shi yana gudu da bokitai daga ɗakin taro zuwa laburare, ya san inda kowane ɗigo yake sauka kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ɗalibai ba su da yawa, mai dafa abinci ta san wanda ba ya cin wake, shugaban kwaleji da kansa yake kashe fitilu in ya tashi daga ofis. Kowace shekara sai an yi raɗe-raɗin za a rufe makarantar, kowace shekara kuma mawaƙan kwalejin su shiga wata tsohuwar bas su zaga coci-coci, tsofaffin ɗalibai mata su kafa kasko a bakin titi suna soya kifi, a samu a sake buɗewa. Baba Longji yakan ce bai taɓa ganin makarantar da soyayyen kifi ya riƙe ba sai wannan.

Abin da ya fi so a wurin shi ne ƙofar shiga. Ginshiƙai biyu ne na tubali da ƙarfe mai lanƙwasa a sama. Ana cewa ɗaliban farko, 'ya'yan waɗanda aka 'yanta daga bauta, su suka buga tubalin da hannunsu, kuma in ka duba da kyau za ka ga shatin yatsu a jikin wasu. Ya nuna mini su ya fi a ƙirga. Duk lokacin da ya nuna mini sai in yi kamar ban taɓa gani ba, shi ma ya yi kamar bai taɓa nunawa ba.

A bikin yaye ɗalibai na farko da ya gani ne abin ya samo asali. An gama taro, iyaye sun kwashi 'ya'yansu, yana kan tsani yana kwance lasifika, sai ya hango wata yarinya mai suna Martha tana jan wani ƙaton akwati ita kaɗai, ga rigar bikin a kafaɗa. Daga wani ƙauye take can gabashin jihar, ba wanda ya samu zuwa mata. Ya ce abin ya tsaya masa a rai. Mutum ya zauna a gida shekara huɗu, ya ci ya sha, a bar shi ya fita kamar wanda aka kora? Ya sauko, ya naɗe tawul ɗin aikinsa ya yi gammo, ya ɗora akwatin a ka. Martha ta tsaya baki buɗe, don ba ta taɓa ganin an ɗauki kaya haka ba sai a hoto. Ya taka mata har ƙofa, ya dafa tubalin ya ce da Hausa, “Ubangiji ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida.” Ya koya mata ta ce amin. Bai bar wurin ba sai da bas ta zo ta ɗauke ta zuwa tashar cikin gari.

Da shekara ta zagayo, mutum uku suka zo shagon gyare-gyare suna tambaya ko su ma za a yi musu irin ta Martha. Kafin a jima abin ya zama al'adar makaranta. Har waɗanda iyayensu suka zo da mota sai su ce a jira su a waje, su bi layi a bakin hostal. Baba Longji na gaba da akwati a ka, mai digiri na biye, a isa ƙofa, a dafa tubali, a yi addu'a. Na san likitoci da lauyoyi a ƙasar nan da ba su san komai a Hausa ba sai “a gaida mutanen gida”.

Sai kuma Allah ya buɗa wa kwalejin. Aka samu wata shugaba mai kafirin naci, wadda in ta shiga ofishin mai hali ba ta fita sai da alkawarin gini. Yaran da aka raka da akwati suka zama manya suka fara waiwayo makarantarsu. Aka buɗe sashen koyon aikin jinya, aka ƙara na kimiyya da na kwamfuta, aka gina laburare na gilashi wanda tsuntsaye suka daɗe ba su gane masa ba. Aka sauya rufi gaba ɗaya. Ranar da aka sallami bokitan nan daga aiki, Baba Longji ya loda su a bayan motarsa ya kai gidansa a McLeansville, matarsa Anti Yemima ta huda gindinsu ta shuka tumatir da yakuwa. Har yanzu in ya bi ta cikin lambun yakan nuna ɗaya ya ce wannan na ɗakin taro ne, ya yi fama.

Kada a ce ba ya murna da ci gaban. In ya kai ka zagaya makarantar sai ka rantse da kuɗin aljihunsa aka yi ginin. Zai tsaya gaban ɗakin gwaje-gwaje ya harɗe hannu a baya, ya ce maka nan da ciyawa ce da wani tsohon injin wanki. Amma ginin duk ta ɗaya ɓangaren ya miƙa, wajen babban titi. Can aka yi sabuwar ƙofa mai sandar da ke ɗagawa da kanta in ka nuna kati, aka yi benen ajiye motoci hawa-hawa. Tsohuwar ƙofa ta koma bayan gida, ba mai bi sai masu gudun motsa jiki da kurege. Yaran yanzu daga hostal lifta ke saukar da su, akwatunansu masu taya, su shige mota, sandar ta ɗaga, shi ke nan an gama digiri. Ɗalibai sun yi yawan da ba zai iya riƙe sunayensu ba, abin da ke damunsa fiye da ciwon gwiwarsa. Masu neman rakiya suka ragu, suka koma 'yan tsiraru, yawanci waɗanda iyayensu suka yi makarantar. Wasu ma don su ɗauka a waya suke zuwa. Da aka ba shi ƙaramar motar lantarki ta zagaya harabar, wani ya ba shi shawara ya riƙa rakiyar da ita don ya huta. Ya ce a mota ai ba rakiya ba ce, kai saƙo ne.

A cikin wannan sabuwar kwalejin Rachael ta yi karatunta na jinya. Shekara huɗu suna haɗuwa a hanya, shi da shuɗin kayan aiki da jakar sukundireba, ita da ƙawayenta. Ya gaishe ta da Hausa, ta amsa da Turanci, kowa ya wuce. Tun tana shekarar farko yake lissafin ranar da zai ɗauki akwatinta. Ya raka 'ya'yan mutane ba iyaka, yanzu saura tasa, ita kaɗai kuma Allah ya ba su. Har sabon tawul ya saya ya ajiye.

Bana ta gama, ta kuma samu aiki a wani asibiti a Seattle, can ƙarshen ƙasa, za ta tashi a ranar bikin da yamma. Ana saura 'yan makonni sai ta aika uwarta da saƙo: a gaya wa Baba ba ta son rakiya. Ƙawarta za ta ɗauke ta daga benen motoci zuwa filin jirgi, su yi sallama a wurin cin abinci kamar kowa.

Ni ban san da wannan ba sai da ya zo gidana wata Asabar. Ya sha rabin shayi, bai tambayi lafiyar motata ba, ya miƙe. Na taka masa zuwa mota ina shirin zagayen da muka saba, sai kawai ya buɗe ƙofa ya shiga. Na riƙe ƙofar na ce lafiya? Ya daɗe yana kallon sitiyari kafin ya faɗa mini. A ganinsa kunyarsa take ji. Yarinya ta yi digiri, ga ƙawaye 'ya'yan manya, sai a ga ubanta da akwati a ka kamar ɗan dako a tashar Bukuru.

Na ce bari in yi mata magana, ai ni kawunta ne.

“A'a, Malam Lawal,” in ji shi. “Rakiyar da aka roƙa wa mutum ba ta da daɗi. Bar ta.”

Anti Yemima da na kira ta a waya cewa ta yi in fita sha'aninsu, kansu ɗaya ne, in ɗaya dutse ne ɗayan ƙarfe ne, ita ta gaji da zama a tsakani. Ta ce ni dai in zo da wuri ranar, akwai kulolin gwate, faten nan na mutanen Filato, da na masa da ke neman mai ɗauka.

Ranar biki rana ta buɗe sosai irin ta watan Mayu. An jera kujeru a filin gaban sabon laburare, mawaƙa suka yi waƙar makaranta, tsofaffin ɗalibai masu furfura suna share ido. Baba Longji ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda ta daɗe da daina yarda da cikinsa. Da aka kira sunan Rachael bai yi ihu irin na sauran iyaye ba, ya dai miƙe tsaye, ya ƙi zama har sai da na bayansa suka roƙe shi. Bayan an ci abinci an yi hotuna, ya sa mata albarka a gaban mutane, ya ce yana da yara biyu da suka nemi rakiya, ya tafi. Bai dawo ba.

Ni aka bari da kai kayan Rachael benen motoci. Muka hau hawa na uku, ƙawarta ta buɗe but ɗin motarta, muka cusa akwatin. Rachael ta tsaya tana waige-waige.

“Kawu, ina Baba?”

Na ce ina kuwa take tsammani? Yana can tsohuwar ƙofa yana gadin tubali. Na ƙara da cewa, tunda an hana ni magana ba zan yi ba, amma mutumin ya ɗauka kunyarsa take ji.

Ta juyo da sauri. Da Turanci ta fara, sai kuma ta koma Hausarta mai ɗan karkacewa, wadda ba ta fito da ita sai magana ta kai magana. Ta ce wace irin kunya? Tun tana 'yar ƙarama duk ranar biki a kan katangar ƙofar nan take zama, tana riƙe masa gorar ruwa. Ta ga waɗanda suka yi mata kitso, da waɗanda suka koya mata tsalle da igiya, ya ɗauki akwatinsu ya kai su ƙofa, kuma ba ta sake ganin ko ɗaya ba. Martha ɗin da yake ta ba da labari, ta taɓa dawowa? Ba ta taɓa ba.

“Duk wanda Baba ya raka, ya tafi ke nan,” in ji ta. “Ni ba na so ya yi mini wannan.”

 Ƙawar tana duba agogon waya. Sai na ce wa Rachael to ni fa? Shekara nawa ubanta yana raka ni, ga ni nan har yau ina cinye musu gwate?

Ta ce ai ni daban ne, ni ba na barinsa ya gama, kullum sai na mayar da shi.

Na ce to su waɗancan yaran ba wanda ya koya musu wannan rabin na mayar da mai rakiya. Ita kuwa ta sani, don ita ce mai danna mana hon.

Ta dube ni, ta dubi but. Sai ta sunkuya ta fizgo akwatin, ta ce wa ƙawarta ta zagaya da mota ta bayan makaranta, ta layin dogo, za ta ga wata ƙofa ta tubali. Ƙawar ta ce shekararta huɗu a nan ba ta san akwai wata ƙofa ba.

A ranar na san kwalejin nan ta girma. Da, daga kowane lungu kana hango tsohuwar ƙofa. Yanzu sai da muka wuce sashen jinya, muka wuce na kimiyya, muka zagaya laburare, muka ratsa filin wasa, ita tana gaba da dogayen takalma tana jan akwati, ni ina baya ina tuna shekaruna. Muka same shi zaune a gindin ginshiƙi, ya cire kwat ya ɗora a gwiwa, sabon tawul ɗin yana leƙowa daga aljihu.

Ta tsaya a gabansa tana haki. “Baba, akwatina ya yi nauyi.”

Ya dubi akwatin, mai taya huɗu ne, yaro ma zai tura shi da yatsa. Ya dube ta. Ya miƙe tsaye. Amma Baba Longji ne, sai ya ce, “Rahila, ba a fara rakiya daga bakin ƙofa. Mu koma hostal.”

Haka muka koma. A bakin hostal ya naɗa gammo, na kama masa muka ɗora. Na ji wuyansa ya yi wata 'yar ƙara, na ce ko a ja shi a ƙasa tunda masu yin sa sun sa masa taya? Ya harare ni daga ƙarƙashin akwati. Ya shiga gaba, ita tana biye da rigar bikinta, suna tafiya a hankali saboda gwiwar. Wasu yara suka ɗaga waya, wata tsohuwa cikin tsofaffin ɗalibai ta dafa ƙirji ta ce ashe har yanzu ana yi. Yana tafe yana nuna wa Rachael wurare da baki, tunda hannuwan na riƙe da kaya: nan ne aka yi kaskon kifi, nan tsohuwar bas take kwana, nan ta faɗi da keke ta fasa haɓa. Duk ta sani, amma ta yi kamar yau ta fara ji.

A ƙofa motar ƙawar na jira. Aka sauke akwati aka sa a but. Ya kama hannunta ya ɗora a kan tubalin nan mai shatin yatsu, ya yi addu'ar da ya saba. Da ya zo wajen “a gaida mutanen gida” sai ya tsaya, don mutanen gidan su ne ake bari a baya. Ya yi gyaran murya ya ce to, a gaida mutanen Seattle. Ta ce amin.

Ya buɗe mata ƙofar mota. Ba ta shiga ba. Ta saƙala hannunta a nasa ta ce, “Mu je in mayar da kai.”

Ya so ya yi gardama, ya ce jirgi ba ya jiran mutum. Ta ce ai ba za ta bari ya koma shi kaɗai ba, da irin muryarsa, har da girgiza kan. Suka juya. Na bi su daga nesa har shagon gyare-gyare. Can ya ajiye kwat, ya juyo zai sake biyo ta kamar yadda doka ta tanada, sai ga ƙarar hon daga tsohuwar ƙofa, doguwa, ba ƙaƙƙautawa. Anti Yemima ce ta iso, ta zura hannu ta tagar motar mutane.

Rachael ta sa tafin hannu a ƙirjin ubanta ta tsayar da shi a bakin shagon.

“Tsaya nan, Baba. Sauran sai na zo Kirsimeti.”

Ta cire takalman ta riƙe a hannu ta ruga. Ya tsaya ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana kallonta har ta shige tsakanin ginshiƙan nan biyu. Muka ji tashin mota. Ya ninke tawul ɗin a hankali ya sa a aljihun tebur, ya ce kada kowa ya goge hannu da shi.

Sannan ya tambaye ni inda na ajiye motata. Na ce can benen motoci, hawa na uku, kuma da nisa, ga gwiwarsa, ya zauna ya huta. Ya riga ya ɗauki hularsa.

“Mu je, Malam Lawal,” in ji shi. “Yaya motar taka, tana nan lafiya?”